Fentin gindin jirgin ruwa: mu 'yan Maradi ma ya shafe mu

Na san wani zai ce mi ya haɗa ɗan Maradi da fentin jirgin ruwa, mu da ko Gulbi sai damina muke ganin ruwa cikinshi. To ai shinkafar da ke babbar kasuwa da taliya da babura, kafin kamiyo ya ɗauko su daga Lome ko Kwatano jirgi ne ya kawo su, kuma jirgin nan in gansakuka da kawa da dodon koɗi suka manne ma gindinshi nauyin tafiya yake yi, ya ƙara shan mai, kuɗin man kuwa Alhaji ba zai ɗauke shi ba, kan buhu zai aza.

Dabarar da aka daɗe ana yi ita ce a shafa fenti mai guba. Wanda ya fi suna shi ne TBT, kuma wallahi yana aiki, sai dai gubar narkewa take a hankali cikin ruwa. A Arkashon, wani gari na bakin teku a Faransa, masu kiwon kawa sun tafka asara ƙarshen shekarun 1970, har Faransa ta hana shafa shi ga ƙananan jirage a 1982, an ma ga matan dodon koɗi suna fidda gaban maza saboda shi. Hukumar jiragen ruwa ta duniya IMO ta yi yarjejeniyar hana shi a 2001, ta fara aiki 2008. Yawancin jirage sai suka koma fenti mai tagulla, wanda shi ma dai kisa yake, da sauƙi-sauƙi.

Akwai kuma fentin silikon, mai kama da roba, shi ba ya kashe komi, santsi gare shi, abin da ya manne ba ya riƙewa da ƙarfi, jirgi na gudu ko ruwa na bugawa sai ya saɓule. Wani fenti mai suna Intersleek na cikin irinsu. Yana da tsada hwa, kuma laushi gare shi, ƙarfe ko icce ya karce shi ya ɓaci, ba zan ɓoye wannan ba.

Ni inda ya fi damuna bakin bututun jan ruwa ne, don shi ma irin abubuwan nan suna manne mishi kamar gindin jirgi. A Amurka wata 'yar kawa da aka fara gani a manyan tafkunansu a 1988 ta riƙa toshe bututun pampo da na tashoshin wuta, ana kashe maƙudan kuɗi wurin kankare ta. Mu ma muna jan ruwan kogin Isa a Gudel don mutanen Yamai, ga madatsar ruwa ta Kandaji da aka fara ginawa, ƙyamare da raga da bututu duk cikin ruwa za su zauna shekara da shekaru, ruwan da mutane da dabbobi za su sha, masunta su kama kifi ciki. Duk ranar da za a ba da kwangilar fentinsu, a rubuta cikin takarda ƙarara ba a yarda da mai guba ba ko da ya fi arha, kuma injiniyan gwamnati ya karanta abin da ke jikin gwangwanin da idonshi kafin a buɗe, don kayan da aka hana wani wuri mun san kasuwar da suke nufowa.