Kwana biyu a ƙarƙashin mota a Leeds

A kan hawa motata ta fara tona asirin kanta. In na sa giya ta huɗu na taka totur, sai injin ya yi ta kuka, ita kuwa tana tafiyar hawainiya, ga wani ƙauri kamar ana ƙona roba. Duk wanda ya taɓa shiga tsohuwar Golf shaƙe da kaya daga Sakkwato zuwa Illela ya san wannan ƙaurin. Kuloci ya cinye.

Na kai ta gareji a nan Leeds ta Ingila, suka buga lissafi a kwamfuta suka miƙo mini takarda. Kuɗin aiki ya fi kuɗin kaya nesa ba kusa ba, domin a ƙasar nan da awa ake biyan bakanike, shi kuwa kuloci ba a isa gare shi sai an sauke giyabos gaba ɗaya. Maƙwabcina, wani dattijon Bature ɗan fansho, shi ya zuga ni. Ya ara mini jak da ƙafafun ƙarfen nan da ake ɗora mota a kai, ya ja mini kunne kada in kuskura in shiga ƙarƙashinta jak kaɗai na riƙe da ita. Na sayo kaya, na buɗe YouTube, na ce Asabar ɗaya ta ishe ni.

Motar mai jan gaba ce, ba irin Peugeot 504 ɗin da aka fara haɗawa a Kaduna a shekarun 1970 ba, wadda baya ke turawa. A nan komai a cunkushe yake wuri guda. Sai da na cire batir, na cire kik, na tsiyaye man giya, na zare shaf biyu masu zuwa tayoyin gaba, na tokare injin daga ƙasa, sannan na kwance abin da ke riƙe da giyabos. Da ya sauko kan ƙirjina na san na ɗebo ruwan dafa kaina.

Sauke shi ma wasa ne. Mayarwa ita ce aikin. Farantin kuloci yana zama ne tsakanin filawul, wato faifan ƙarfen da injin ke juyawa, da furesha mai matse farantin a jikinsa, kuma dole raminsa ya tsaya daidai tsakiya, in ya goce ko da kaurin farce ne, sandar giyabos ba za ta shige ba. Akwai ɗan abin roba da ake daidaita shi da shi. Na raina shi, na ce idona ya isa. Awa uku ina turawa ina jijjigawa cikin sanyin da yatsu ba su jin sifana, daga baya na sake kwance furesha, na daidaita yadda ya kamata, na ɗaure notina kaɗan-kaɗan, wannan sannan na ɗaya gefen, har suka zauna tare. Sai ga shi ya shige kamar da man shanu.

Ina cikin wannan hali Yaya ya kira ni ta bidiyo daga unguwar Mabera a Sakkwato. Ya ga fuskata baƙi ƙirin, ya yi dariya har da tari.

"Kai, mi kaka yi nan ƙasa? Kanikanci anka kai ka Turai?"

Na ce masa kuɗi nake ceto. Ya ce in rufa wa gidanmu asiri kada in sa hoton a Facebook.

Dariyar tasa tana da hujja, kuma ba zan ba kowa shawara a Sakkwato ya yi abin da na yi ba. Ina dalili? Ka tura motar garejin Buzaye ko na Sahara da safe, kafin la'asar an gama. Yara uku za su rungumi giyabos ɗin da ya kusa karya mini haƙarƙari su sauke shi suna hira. Ogansu ba ya neman abin roba, yana da tsohuwar sandar giya da ya yanke ya ajiye shekara da shekaru, ya zura, ya kanne ido ɗaya, shi ke nan. Abin da na yi a kwana biyu da littafi da bidiyo da siminti a ƙarƙashina, shi a kan rairayi yake yi, cikin ranar Afrilu da ke haura digiri 40, motar na kan tsofaffin rim.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda muke biyansa. A Ingila kaya ne mai araha, hannu ne mai tsada, shi ya sa in an buɗe sau ɗaya ake canza komai: faranti, furesha da boris, a kwali ɗaya ma ake sayar da su. A gida lissafin a juye yake. Kaya daga waje suke zuwa, kuma tun da aka saki Naira a Yunin 2023 farashinsu ya tashi sama, hannu kuwa mun maishe shi kamar kyauta. Sai mai mota ya ce a canza farantin kawai, ko a nemo ɗan Beljiyam, ko a buga wa tsohon sabuwar fata. In boris ya fara kuka bayan wata huɗu, a sake saukewa, ai kuɗin aiki ba wani abu ba ne. A wurinmu ke nan. Gadon bayan da ke ɗaukar ƙarfen ba namu ba ne. Ga ƙurar da yaran ke hurewa da baki daga cikin kaskon giya, alhali tsofaffin faranti da yawa da asbestos aka yi su, abin da Ingila ta haramta kwata-kwata tun 1999 saboda yana lalata huhu.

Ni kaina na yi. Kafin in bar gida ina da wata Vectra, na biya mai shagon kaya abin da ya faɗa ban ce uffan ba, na dawo na tsaya ina ciniki da dattijon da ya wuni a ƙarƙashinta. Na zabge kusan rabi. Ya kalli kuɗin, ya goge hannu da tsumma, ya ce, "Allah shi amfana, Alhaji." Ban je Makka ba a lokacin. Na shiga mota ina jin na iya ciniki, kuma na tabbata ranar da na koma da wata matsala na zarge shi da aikin ha'inci. Wanda ka biya rabin kuɗi, da wane baki za ka tambaye shi don me bai duba filawul ba?

Ranar Lahadi da dare na tayar da motar, na taka kuloci, giya ta ɗaya ta shiga ba gardama. Noti ɗaya ya rage a cikin robar da nake tara su, kuma har yau ina tuƙi ina kasa kunne.

Makon jiya Yaya ya kai tasa. Na roƙe shi ya sayi kwalin gaba ɗaya, ya kuma ba mutumin abin da ya yanka ba tare da ja-in-ja ba. Ya ce ni kuɗin fam ya lalata. Farantin kawai ya canza.