A bar yara su rera kafin a cika musu allo

Malaman Hausa na sakandare, ku yi haƙuri, yau da ku nake. Yadda ake koyar da tsarin waƙa a yawancin ajujuwanmu bai kwanta mini ba. Malam ya shigo ya cika allo da ma'anar ɗango, baiti, amsa-amo da kari, yara su kwafa su haddace saboda WAEC da NECO. Zango ya ƙare ba a ji muryar kowa ta tashi da rerawa ba. Yaro zai kawo maka ma'anar amsa-amo tiryan-tiryan, amma ka karanta masa baiti ka ce ya nuna shi, sai ya yi tsuru-tsuru.

Alhali yaran nan tun daga gida suka zo da tsarin a kunnensu. Duk yarinyar da ta taɓa shiga gaɗa ta san akwai mai bayarwa, akwai masu amshi, kuma ta san akwai abin da ake ta komawa kansa ba ya sauyawa. Shi ne masana waƙar baka irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ke kira gindin waƙa, abin da jagora ke jerowa tsakanin gindi da gindi kuma ɗiyan waƙa. To me zai hana a fara daga nan? A tayar da ɗaya ta ba da waƙa, aji ya karɓa da tafi. In an yi zagaye biyu ko uku, sai malam ya tambaya: wanne ne ya yi ta dawowa? Su da kansu za su faɗa. Sannan a ba abin sunansa.

Rubutacciyar waƙa kuwa a ware mata ranarta, domin cakuɗa su wuri guda shi ke rikita ɗalibai. Nan a nuna musu mabuɗi na ambaton Allah da salati, a sa su ƙirga ɗangwayen baiti, wato layukansa, da yatsa su gane 'yar ƙwar biyu da 'yar ƙwar biyar. A sa su ja layi ƙarƙashin ƙarshen kowane ɗango, ƙaramin amsa-amo na cikin baiti zai fito, babban da ke ɗaure waƙar tun daga farko har ƙarshe shi ma zai fito. A marufi kuma su nemo inda marubucin ya faɗi sunansa, ko adadin baitocinsa, ko ya ɓoye shekara cikin ramzi, wato haruffan da ke tsayawa a madadin lambobi. Wannan na ƙarshen yara na son sa ƙwarai, don kamar kacici-kacici yake.

Kari, wato ma'aunin hawa da saukar muryar waƙa, shi ne ya kamata ya zo ƙarshe. Bahar 15, wato ma'aunan waƙar Larabci, Halilu ɗan Ahmad na Basra ya tsara, aka ƙara ɗaya suka zama 16, amma ɗan aji huɗu ba ya bukatar sunayensu a makon farko. Ya fara jin bambancin gaɓa mai nauyi da marar nauyi yana buga tebur. Sunayen bahar irin su Mutaƙarabi da Kamili sa biyo baya.

Na san za a ce shugaban makaranta zai leƙo ya ce ana hayaniya, ko wani uba ya ce bai kawo ɗansa koyon roƙo ba. A tuna masa cewa da waƙa Nana Asma'u 'yar Shehu ta karantar da mata ta hannun jajoji, mata malamai masu zagaya ƙauyuka, da ɗalibansu 'Yan Taru, kuma rerawa suke yi a ƙauyuka har ta zauna musu a ka. In hayaniyar ce damuwa, a fita da ajin gindin bishiya na minti 20.