Tsadar makaranta ba ita ke yin likitan haƙori ba

Wai mutane da yawa sun ɗauka in yaro zai karanci likitan haƙori to makarantar da ta fi tsada ita ce ta fi kyau, musamman in a ƙasar waje take, har ka ga uba ya sayar da fili don a kai yaro Masar ko Indiya. Gaskiya ba haka abin yake ba.

Abu na farko da za a duba shi ne ko hukumar MDCN, wato hukumar da ke kula da aikin likitoci da likitocin haƙori a Najeriya, ta amince da makarantar, don in ba haka ba ko shekara shida ka yi ba lasisi. Wanda kuma ya karanto a waje in ya dawo Najeriya sai ya zauna jarabawar MDCN ya ci kafin a bar shi ya fara housemanship, wato aikin horo a asibiti da sabon likita ke yi bayan kammala karatu, kuma wasu sai sun maimaita.

Sannan shi wannan aiki na hannu ne. Ka tambaya kujerun duba haƙori nawa suke da su, ɗalibai nawa ke rabon kujera ɗaya, kuma marasa lafiya na zuwa kuwa? A Jami'ar Bayero ta Kano (BUK) ɗalibai na koyo ne a asibitin Malam Aminu Kano, inda mutane ke cika kullum, cire haƙori da cike rami ɗalibi zai yi har hannunsa ya faɗa. Wata makarantar ginin kamar otal amma sai ka yi sati ba ka taɓa bakin kowa ba.

Kuɗin makaranta ma ba shi kaɗai ba ne, akwai kayan aiki da ɗalibi ke saya da kansa, ga haya, ga canjin dala in a waje ne.