Ba tsoron Allah O Cruzeiro ta ji ba

Jama'a, don Allah ku daina ba mu kunya. Tun da aka fara yawo da wannan zanen Aljanna na ɗan barkwancin Brazil Millôr Fernandes, mai nuna labarin Annabi Adamu da siffofi a karkace kamar wanda aka zana cikin mafarki, sai ga malaman Facebook sun fito da sabon karatu. Wai mujallar O Cruzeiro ta Brazil, wadda ta buga zanen a 1963, ta kyauta da ta rabu da Millôr, wai ga gidan jarida mai mutunta addini, wai da ma namu za su yi koyi. Koyi da wa? Da mutanen da suka karɓi aiki, suka buga, suka sayar, suka ƙirga kuɗinsu, sannan da wuta ta tashi suka rantse ba su san da shi ba?

Kafin wani ya ruga ya kawo mini fatawa: zanen bai burge ni ba. Annabi Adamu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ba abin barkwanci ba ne a wurina, ko da mai zanen labarin Baibul ya ɗauko ba namu ba. Da ni ne edita, da na mayar masa da takardunsa tun a bakin ƙofa. To ai nan maganar take. Editan yana da wannan damar, sai ya ƙi amfani da ita.

A watan Oktoba na 1963 aka buga aikin, wajen shafi goma masu launi, a mujallar da ta fi kowace girma a Brazil a zamaninta. Wannan ba ƙaramar takardar unguwa ba ce. Ita ce ta buga kwafi dubu 720 a 1954, lokacin da shugaba Getúlio Vargas ya kashe kansa. Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin labarai ya san shafi ba ya tashi da ƙafarsa ya shiga inji. Sai edita ya gani ya ware masa gurbi, mai tsara shafi ya tsara, mai duba kurakurai ya bi layi-layi, masu raba launi su yi nasu, a kai maɗaba'a, a duba gwaji. A 1963 ake magana, babu kwamfuta, komai da hannu da ido. Amma da mabiya Katolika masu tsattsauran ra'ayi suka fusata, sai mujallar ta fito da sharhi a shafinta tana neman afuwa, tana ɗora wa Millôr laifin cin amana, kamar dai a ɓoye ya cusa shafukan. Shafi goma! Masu launi! Kai, wannan mutum ba mai zane ba ne ashe, aljani ne. Da dare ya shigo ya tayar da injuna, ya ɗinke mujallu, ya loda su a mota, ya raba su daga Rio de Janeiro har Recife, masu gadi suna ta barci.

Kuma a lokacin ma Millôr ba ya ƙasar. Yana Fotugal aka shafa masa kashin kajin. Ba su ma jira ya dawo su dubi idonsa ba.

Mutumin nan yana ɗan shekara 14 ya shiga gidan, a 1938, yaro maraya daga unguwar Méier, yana aikin aike da ƴan kananan ayyukan ofis. A nan ya girma. Shafinsa na Pif-Paf, wanda ya fara a 1945 da sunan aro na Vão Gôgo, yana cikin abin da mutane ke fara buɗewa idan sun sayi mujallar. Shekara 25 yana yi musu aiki. An ci moriyar ganga, sharhi ɗaya ya isa a yada kwaurenta. Ya kai su kotu kuma ya yi nasara, amma masu yabon mujallar ba su karanta har nan ba, sun tsaya a "ta nemi afuwa".

Wani ya ce mini to ai neman afuwa alheri ne, ko ba komai an kwantar da tarzoma. Malam, neman afuwa shi ne ka ce mun yi kuskure, mu duka, daga mai gida har mai duba shafi. Wanda ya nuna yaronsa ya ce ga mai laifi ku kama, ba afuwa ya nema ba, mafaka ya nema. Wata kuma ta ce kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Haka ne, Hajiya. Sai dai ba shi kaɗai ya ɗebo ba, kuma waɗanda suka fi shi loma ba su ƙone ko leɓe ba.

Masu cewa kishin addini ne ya motsa su, ku dubi kalanda. Ƙarshen 1963 ne. Ƙasar tana tafasa, ana zargin shugaba João Goulart da jan Brazil zuwa kwaminisanci, kuma addini ya zama tutar masu adawa da shi. A 19 ga Maris 1964 dubban ɗaruruwan mutane suka yi maci a São Paulo da sunan iyali da Allah da ƴanci. Kafin mako biyu su cika sojoji sun kifar da gwamnati, suka zauna har 1985. Kamfanin Diários Associados na Assis Chateaubriand, mai O Cruzeiro, yana cikin waɗanda suka mara wa juyin mulkin baya. Ƴan kasuwa ne da suka ga inda iska ke kaɗawa suka juya. Da imani ne ya dame su, da ya dame su ranar da zanen ke kan teburin edita, ba ranar da wasiƙun masu fushi suka fara shigowa ba.

Abin dariyar ma, fitaccen ɗan barkwancin mujallar, O Amigo da Onça, wanda mai zane Péricles ya ƙirƙira a zanensa a 1943, ba kowa ba ne face mugun aboki mai jefa ka a rami yana murmushi. Shekara 20 suna sayar da shi duk mako, sai ga shi su ne.

Yanzu bari in ajiye gatse in faɗi abin da ya sa nake girmama mutumin nan duk da ban yarda da zanensa ba. A 1964, sojoji na kan mulki, ya buɗe tasa mujallar da sunan Pif-Paf. Fitowa 8 ta yi aka rufe ta. A 1969 aka kafa jaridar barkwanci ta O Pasquim yana cikin masu yi mata rubutu. A Nuwamban 1970 sojoji suka kwashe yawancin ma'aikatanta, su Ziraldo da Paulo Francis da Tarso de Castro da Sérgio Cabral, suka tsare su kusan wata biyu. Millôr yana waje. Da halin tsofaffin iyayen gidansa ya koya, da sai ya rubuta sharhi ya ce bai san su ba, ya koma gida ya kwanta. Sai ya zauna shi da mai zane Henfil da ƴan kaɗan da suka rage suka ci gaba da fitar da jaridar, yana cike guraben waɗanda ke tsare. Tun da ba a yarda su ce an kama kowa ba, sai suka sanar da masu karatu cewa mura ce ta kwantar da ma'aikata. Kowa a Rio ya gane wace irin mura ce. Wannan kuwa ba fushin masu rubuto wasiƙa ba ne, masu bindiga ne a wancan gefen.

Saboda haka ku ƙi zanen, ku ɓoye shi daga shafinku, ku hana yaranku gani, babu wanda zai ce muku don me. Amma kada ku ɗauko edita matsoraci ku naɗa masa rawanin waliyyi. Irinsa muna da su a nan ma, a gidajen rediyo da jaridu: oga ya sa hannu a kan shiri, gwamnati ko malamai su yi tari, washegari ka ji an dakatar da ƙaramin ma'aikaci "har sai an kammala bincike". Binciken da ba ya taɓa hawa bene. O Cruzeiro dai ta mutu a 1975. Aikin da ta yi bara'a da shi ya fito a littafi a 1972, shi kuma Millôr ya ci gaba da zane da rubutu har ya rasu a 2012.

Af, kai da ka rubuta a ƙasan hoton cewa mutumin jahili ne ɗan tasha, Millôr ne fa ya fassara Hamlet na Shakespeare zuwa harshen Fotugis, da wasannin Molière. Yana ma cikin waɗanda ake danganta wa ƙirƙiro frescobol, wasan nan da ake yi a bakin tekun Rio da faifan katako da ƙaramar ƙwallo, inda mutum biyu ke ƙoƙarin kada ƙwallon ta faɗi ƙasa, babu mai ci babu wanda aka ci. Ni wannan ne ma ban gane ba. A ce ka yi gumi awa guda a rana, ka tashi babu wanda za ka yi wa dariya? A unguwarmu ko langa ba za a yarda a yi a haka ba.