Bulon da ya ƙi kuncewa ba wuta yake fara nema ba

Idan da baki za a lissafa, canza amortisar baya, wato ƙarfen da ke shanye girgizar hanya, ta kat-kat irin Toyota Highlander ta 2001 zuwa 2013, ko Lexus RX 300 da RX 330, aiki ne kaɗan. Noti uku a sama, ana isa gare su ta cikin but bayan an ɗaga robar gefe. Manyan bulon biyu, wato kusoshi masu haƙora da noti ke hawa, a ƙasa, inda amortisa ta rungume ƙarfen da ke ɗauke da taya. Sai ƙaramar sandar da ke haɗa ta da ƙarfen hana tangaɗi, da maƙalin tiyon birki da na wayar ABS, na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki. Mai hannu zai gama ɓangare biyu tsakanin hantsi da azahar. Abin da ke mai da aikin na kwana biyu shi ne ƙarfe guda da ya kafe ya ƙi motsi.

Nan Kanada inda nake zaune, ana watsa gishiri a kan titi duk lokacin sanyi don narkar da ƙanƙara, ruwan gishirin nan kuma yana kwana a ƙarƙashin mota wata da watanni. Kuɗin bakanike da awa ake biya, shi ya sa mutane da yawa ke yin wannan aiki a ƙofar gida, su kaɗai, ba yaron da zai riƙe musu sifana. Kaɗaicin ya koya musu haƙuri da ƙarfe. A gida Maraɗi akwai hannu, akwai basira, akwai mai walda a kusan kowace kwana, amma ana gaggawar kiran wuta da guduma. Ra'ayina shi ne yawancin ɓarnar da ake yi wa ƙafar bayan mota a garejinmu, a cikin minti goma na farko ake yin ta, kafin kowa ya tsaya ya duba dalilin kafewar.

Dalilin kuwa ba ɗaya ba ne. Motocin hannu da suka yi shekaru suna shigo mana ta tashar Kwatano, da yawansu a ƙasashen gishiri suka fara rayuwa, sun zo da tsatsarsu tun daga can. Ana gane ta da ɓawo-ɓawo mai tashi idan an ƙwanƙwasa. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci girma, don haka sai ta cika ratar da ke tsakanin bulon da raminsa ta matse shi. Wanda ya kafe a gida daban ne: ƙurar hunturu da jar ƙasar hanyoyin ƙauye su shige haƙoran bulon, ruwan damina ya jiƙa su, rana ta gasa. Wannan buroshin waya da ɗan mai sun ishe shi. Na uku shi ne notin da wani ya taɓa ɗaurewa da dogon bututu yana hawa kai da ƙafa, har haƙoran suka miƙe. Shi ko ya fita, ba ya komawa.

Aikin tun daren jiya ya kamata ya fara. A goge haƙoran da suka leƙo bayan noti har ƙarfe ya bayyana, a fesa man kunce tsatsa a bakin notin da ƙarƙashin kan bulon, a sake da safe. In babu na gwangwani, gazuwal ko kananzir ya fi babu. Man birki da ake yawan tsiyayawa a gida yana cin fenti, shi kuma gazuwal yana kumbura roba, saboda haka a kiyaye inda suke ɗiga. Fesawa a kama murɗawa nan take asarar mai ce kawai.

A ɗaga tayoyin baya duka biyu, ba ɗaya ba. In ɗaya ce a sama, ƙarfen hana tangaɗi yana murɗe, ƙaramar sandar tana ɗauke da nauyi, ba za ta zare ba ko notinta ya fita. Kuma a ɗora motar a kan matokaran ƙarfe, a sa ƙaton katako a ƙarƙashinsu in ƙasar rairayi ce, a tare tayoyin gaba. Wannan na faɗe shi da ƙarfi domin ana wasa da rai a nan: mutum zai ja sifana mai tsawon mita da dukan ƙarfinsa, motar kuwa tana kan jak ɗaya da bulon siminti. Bulon siminti ba ya lanƙwasa ya ba ka labari, tarwatsewa yake yi.

Ƙaramar sandar nan ita ke fara ɓata rai. Kanta ƙwallo ne, yana juyawa tare da notin. A tsakiyarsa akwai ramin alanki, wato sifana mai kusurwa shida da ke shiga cikin rami, na milimita 5 ko 6. A fara ƙwaƙule ramin da ƙusa, a buga alankin ya shige har ƙarshe, sannan a murɗa notin. In ramin ya lalace, a danne ta baya da filaya mai kulle, in ya ƙi a yanke da zarto a sa sabuwa. Ba ta kai darajar wunin da ake ɓatawa a kanta ba.

Manyan bulon biyu na ƙasa, noti ake juyawa, kan bulon riƙewa ake yi. A yi amfani da kan sifana mai kusurwa shida wanda ya zauna cif. Mai kusurwa goma sha biyu ko mai buɗaɗɗen baki shi ke shafe kusurwoyin noti ya bar shi kamar kwabo. A ɗan ƙara ɗaurewa tukuna don tsatsar ta tsage, sannan a dawo. Da ya fara motsi kada a zarce: rabin zagaye waje, rubu'i ciki, a fesa mai, a maimaita. In ya yi zafi a hannu ko yana kuka, a dakata, tsinkewa yake shirin yi. Bayan noti ya fita, a sa jak a ɗan tallafi ƙarfen taya har bulon ya daina ɗaukar nauyi. A mayar da notin ya yi daidai da bakin bulon kafin a buga, in ba haka ba bakin zai baje ya ƙi bin rami.

Wuta tana da ranarta, ban hana ba. Amma noti ake gasawa, shi kaɗai, da ƙaramin harshe, don ya buɗe ya saki bulon. Bayan mota wuri ne mai haɗari: tankin mai da tiyonsa suna kusa, ga tiyon birki, ga wayar ABS, ga robar aksil a mota mai jan ƙafa huɗu. Jikin amortisa kuwa mai ne da iskar gas a matse, harshen wuta bai kamata ya taɓa shi ba ko kaɗan. A goge man da aka fesa kafin a kunna, a kāre wayoyi da guntun kwano da jiƙaƙƙen tsumma. Duk bulon da ya yi ja ya rasa taurinsa. A nan Kanada jefar da shi ake yi. A gida sai a tsoma shi a ruwa a mayar, motar ta ɗauki mutum takwas da buhuna ta kama hanyar Dakoro.

Mafi taurin kai shi ne bulon da ya bi ta cikin roba, kamar na hannayen da ke riƙe ƙarfen taya, idan aiki ya kai ga sassauta su. A tsakiyar robar akwai bututun ƙarfe, tsatsa takan haɗe shi da bulon su zama abu guda. Alamarsa: ka murɗa ya ɗan bi ka, ka saki ya dawo. Robar ce ke murɗewa. Guduma ba ta aiki domin robar na shanye bugun, wuta kuma ƙone ta take yi. A yanke bulon ta gefe biyu na bututun, a sa sabuwar roba da sabon bulon.

A nan ne garejin Maraɗi ya fi na nan nesa ba kusa ba. In bulon ya tsinke a rami, mai walda zai ɗora noti a kai ya like, zafin ya saki tsatsar, a zare shi. Za a fitar da roba a dasa wata a hannun da mutumin Kanada zai jefar gaba ɗaya. Abin da ke ɓata wannan gwaninta shi ne bulon da ake sayowa a madadin. A duba lambar da ke kansa: 8.8 yana ɗaukar kusan megafaskal 800 (ma'aunin jan da ƙarfe ke jurewa), 10.9 kusan 1000, mai 4.8 kuwa na ƙofa da gado ne. In na kamfani bai samu ba, kada a sauka ƙasa da 10.9, kaurinsa da haƙoransa su zo daidai da na asali.

Notin tsakiya na saman amortisa ba a taɓa shi sai an matse sifirin, wato naɗaɗɗen ƙarfen da ke kewaye da ita, da abin matsewa guda biyu, ɗaya na fuskantar ɗaya, har sifirin ya saki mazauninsa. Ɗaure shi da igiya ko waya ba dabara ba ce. Wanda ba shi da kayan, ya ciro amortisar ɗungurungum ya kai wa mai su.

Wajen mayarwa, a canza dama da hagu tare. A shafa giris a jikin bulon inda ba haƙora, domin mai a haƙora yana sa a wuce awo ba a sani ba. Manyan biyun nan awon ɗaurinsu ya haura Nm 150 (ma'aunin ƙarfin murɗa noti) a waɗannan motoci, ainihin adadin yana littafin kowace, kuma sifana mai awo ce ke ba da shi. Duk bulon da ya ratsa roba, a bar ɗaurin ƙarshe sai nauyin mota ya sauka a kan tayoyinta. In aka ɗaure ƙafa na reto, robar za ta zauna a murɗe ta tsage da wuri. Daga nan a kai motar saitin taya, domin 'yar ratar da ke cikin ramukan bulon biyun ta isa ta karkatar da tayar baya ta riƙa cinyewa ta gefe ɗaya.