Indomin salansa da fatawar garejojin Kano

Makon jiya na kai motata gareji a duba min birki. Ban gama fitowa ba yaron bakaniken ya leƙa ƙarƙashinta, ya ƙwanƙwasa salansa da sifana, ya ɗago ya ce, "Alhaji, ashe har yanzu da indomi a motar nan? Ai shi ke sha maka mai. Bari a cire, har ɗan canji za ka samu." Na ce ya bar min kayana. Ya yi min dariya irin wadda ake yi wa baƙauye.

Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023 wannan fatawa ta zama ruwan dare a garin nan. Kowa na neman inda zai rage kuɗin fetur, sai aka samu masu raɗa wa mutane cewa indomi, wato wannan abu mai kama da saƙar zuma da ke cikin salansa don rage gubar hayaƙi, tarkacen Turawa ne, toshe numfashin inji kawai yake yi. Abin da ba sa faɗa shi ne me ya sa ake biyan kuɗi a sayi tarkace. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Saƙar kanta yumɓu ce da aka gasa, mai dubban ƙananan ramuka. An shafe bangon ramukan da wani farin gari, alumina, wanda giram ɗaya nasa in za a baje shi zai rufe fili fiye da murabba'in mita 100. A kan wannan shimfiɗa aka yayyafa ƙwayoyin ƙarafa uku masu tsada, filatinam da faladiyam da rodiyam, kamar yadda ake shanya tsaba a tabarma. Duka-duka 'yan giram ne. Aikinsu irin na dillali ne a kasuwar Wambai: ya haɗa mai saye da mai sayarwa, ciniki ya faɗa, shi yana nan yana jiran na gaba. Iskar kabon monoksaid, wadda ke kashe mutane a ɗaki in sun kwana da janareta, tana sauka a kan ƙwayar ƙarfen, ta gamu da oksijin, ta tashi a matsayin iskar da muke fitarwa in mun yi numfashi. Fetur ɗin da bai ƙone ba ya ƙarasa ƙonewa. Rodiyam kuma ya warware gubar naitirojin mai sa tari da ƙaiƙayin ido. Masana sinadarai na kiran irin wannan dillali katalis.

Wani ya ce min wai in da abin kirki ne ai da an ga ƙarfen da ido. To ƙanƙantar ita ce hikimar. Atam, wato ƙwayar zarra ta ƙarfen, wanda ke waje ne kaɗai ke taɓa hayaƙi. Wanda ke binne a tsakiya zaman banza yake. Curin ƙarfe mai atam 55, guda 42 daga ciki a waje suke, suna aiki. Dunƙula ƙarfen nan ya zama kamar zobe, kusan dukkansa ya tashi a banza. Zinariya ma da aka sani ba ta shiga sha'anin kowa, a 1987 Masatake Haruta na Japan ya nuna cewa in aka mayar da ita ƙwayoyi 'yan nanomita kaɗan (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita) a kan tsatsar ƙarfe, tana ƙone kabon monoksaid ko a sanyin da ya fi na ƙanƙara. A 2011 masu bincike a China suka kai abin maƙura, suka ajiye filatinam atam ɗai-ɗai a kan shimfiɗa, ya kuma yi aiki. Gerhard Ertl na Jamus ya karɓi kyautar Nobel a 2007 kan bin diddigin abin da ke faruwa a fuskar irin waɗannan ƙarafa. Duniya na ƙirga atam, mu muna sa guduma da kurfi muna kakkaɓe su a buhu.

Masu saye kuwa sun san abin da suke yi. A Maris ɗin 2021 oza ɗaya ta rodiyam, wato kimanin giram 31, ta kai wajen dala 29,000, lokacin da zinariya ba ta kai dala 1,800 ba. Mafi yawansa daga ma'adinan Afirka ta Kudu ake haƙo shi. Farashin ya sauko daga baya, amma bai sauko inda za a ce "ɗan canji" ne ba. Ka ba da dukiya, ka biya kuɗin walda, a liƙa maka bututu fanko, ka yi godiya.

Za a ce ai indomin yakan toshe. Yakan toshe mana, in fulogi ya mutu ɗanyen mai na kwarara cikinsa har zafi ya narka saƙar, ko inji na shan baƙin mai. Zafin da ya wuce kima ma yakan sa ƙwayoyin su narke su haɗe, aikin ya ragu. Amma wannan ciwon inji ne, kuma wanda ya cire indomi ya bar fulogin bai warkar da komai ba. Hujjar fetur mai dalma da ke kashe shi kuwa ta daɗe da mutuwa, tun farkon 2006 aka daina sayar da shi a ƙasashen Afirka kudu da Sahara. Batun ragin mai kuma, har yau ban ga wanda ya cika tanki ya auna kilomita kafin cirewa da bayanta ba. Ƙarar salansa ce ta ƙaru, sai kunne ya ce mota ta yi ƙarfi.

Abin da ya fi ci min rai, ba mai motar ne ke shaƙar sakamakon ba. Shi gilashinsa a rufe yake. Ka tsaya a cunkoson Bata ko 'Yankura da la'asar a lokacin hunturu, sanda hazo ya danne hayaƙi ya hana shi tashi, ka dubi wanda hancinsa ke daidai da bakin salansa: yarinya mai tallan gyaɗa, almajiri da robarsa, jami'in KAROTA da ya yini a tsakiyar titi, fasinjan Adaidaita da ba shi da ƙofar rufewa. Amurka ta fara sa wa motoci wannan na'ura tun 1975. Motar ta ƙetaro teku da ita, sai a nan ne za a yi mata fiɗa.

Jami'an duba lafiyar motoci da suka ƙware wajen gano fitila ɗaya da ta mutu, su riƙa sunkuyawa ƙasa mana. Ƙungiyoyin makanikai su tsawata wa 'ya'yansu. Indomin da ya lalace da gaske kuma, me zai hana sashen sinadarai na Jami'ar Bayero ya koya wa matasa tace ƙarfen a nan, maimakon a loda shi a kwantena? Ni dai ranar nan kujera na ja na zauna a gaban motar, rana na dukana, har aka ɗaure tayar ƙarshe.