Masu jarumtar kan benci, ina gaisuwa

Labari ya iso ni kuma da ɗuminsa ya iso, wai a wani gida nan Mamobi an dafa ataya an baje tabarma anyi ta kwasar dariya don an ji ni mai saida atamfa da leshi zan je koyon tuƙin jirgin sama ranar Asabar, kuma tun yanzu cikina ya fara ƙugi, bana barci, sai zarya bayi. Ban kira suna ba fa, kar wata ta zo min inbos da dogon rubutu. Mai kaza a aljihu ce bata jimirin as.

Eh tsoro nake ji. Ki ɗauki hoton wannan layin ki tura guruf ɗin naku kamar yadda kika saba, na yafe miki kuɗin data. Mutum zai shiga ƙaramin jirgi a ɗora masa hannu kan sitiyari a sama ace kar gabanshi ya faɗi, shi dutse ne? Abin da ya ban mamaki kawai shine daga bakin wa dariyar ta fito. Wadda sau ɗaya tak ta taɓa shiga jirgi, shima a kujerar baya can kusa da bayi, amma har yau hoton fiffiken nan ta taga ne a status duk ranar Juma'a, kai kace ita ta ƙera shi. Waɗanda suka yi tafiyar tare da ita ai suna nan da ransu a Nima, su suka bamu labarin yadda jirgi na ɗan girgiza ta damƙe hannun wani bawan Allah da ba muharraminta ba tana kiran Mma tana yafe bashin da ma ba'a ci mata ba. In kaji ƙi gudu sa gudu ne bai zo ba.

Ni kam naje na ga jirgin da idona tun kafin ranar, don malamin yace rabin fargaba rashin sanin abu ne, in zo in taɓa shi yana ƙasa. Cessna 172 ne, kujera huɗu, fiffiken a sama yake kan rufi, kuma tun shekarun 1950 ake ƙera irinshi, an yi sama da dubu 40, babu jirgin da aka ƙera da yawa kamar shi a duniya. Ba wai jiya wani ya haɗa shi a bayan gida ba kamar yadda ake yaɗawa. Na tsaya ina kallon malam ya durƙusa ƙarƙashin fiffike da wani ɗan kofi garai garai, ya danna ya tsiyayo mai kaɗan, man shuɗi ne kalar bula, ya ɗaga shi sama yana juyawa a hasken rana yana neman ko akwai ɗigon ruwa da ya kwanta a gindin kofin, don ruwa yafi man nauyi, in akwai zaki ganshi zaune a ƙasa. Ya zaro sandar baƙin mai ya goge ya maida ya sake zarowa, ya shafa farfela da tafin hannu yana laluben tsagewa, ya leƙa tayu, ya motsa jela, duk yana bin wata takarda da aka liƙe da roba gefenta duk ya cinye don yawan riƙo. Yace min kullum haka ake kafin kowane tashi, ko da jirgin yanzu ya sauka. Wlh tun daga wannan ɗan kofin naji wani abu ya ɗan sauka daga ƙirjina. Wane direban trotro ne daga Nima zuwa Circle ya taɓa duba motarshi haka kafin ya loda mu, kuma kullum muna ciki har da masu dariyar, ana ma rigimar canji da mate, yaron motar.

Sitiyari kuma biyu ne, nawa da nashi, feda ma haka, duk abin da na taɓa yana ji a hannunshi. Akwai ma ƙa'idar magana, in yace jirgi na hannuna sai in saki in amsa da baki cewa yana hannunka, ba musu ba gardama, abin da nasan zai yi wa wasu wuya tunda basu taɓa barin wani ya gama magana ba. A ƙasa ma ashe ba da hannu ake juya shi ba, da ƙafa ne. Wannan kam yana cikin abin da yake hana ni barci, don ina ta ganin kaina ina murɗa sitiyari jirgi na tafiya inda yaso.

Sai zancen da aka fi ji da shi a wancan zaman, wai in injin ya mutu shikenan sai faɗowa tim. Hajiya masaniya, injin nan kowace silinda fulogi biyu gareta, wutarsu kuma daga magneto biyu take zuwa, wato wasu ƙananan janareto da injin ke juyawa da kanshi, ko batir ya mutu injin na ci gaba da aiki. In ma ya tsaya gaba ɗaya fiffike bai san an yi ba, jirgin zai riƙa zamewa a iska yana sauka sannu sannu, duk ƙafa ɗaya da ya sauko ya ci kusan tara a gaba, kuma ana koya wa ɗalibi yadda zai nemi fili ya sauka tun kafin a bar shi ya tashi shi kaɗai. A ƙasar nan tamu ma tun zamanin Nkrumah, farkon shekarun 1960, akwai makarantar koyon jirgi mara inji kwata kwata a Afienya, nan bayan Tema. Amma ina zaki sani, ba'a saka irin wannan a TikTok tsakanin rawa da rawa.

Af, kuma na gode da bidiyon hatsarin jirgin da aka turo min ƙarfe ɗayan dare da rubutun "ƴar uwa ki dai yi tunani". Allah ya bar zumunci. Ban buɗe ba, na daina kallon irinsu tun da na biya kuɗi, don na lura su ke ƙara min bugun zuciya ba jirgin ba.

Abin da na shirya dai ga shi, ba don ke ba, don ƙannenmu mata da suka min magana a ɓoye suna sha'awa. Da sassafe na karɓi lokaci, don in rana ta take ƙasa tayi zafi iska mai ɗumi na tasowa tana cilla ƙaramin jirgi sama da ƙasa, da safe kuwa lumui. Na kuma yi sauri kafin hazon hunturu ya sauko wajen Disamba, lokacin da ko ƙarshen layi baka gani sosai. Ba zan je da yunwa ba kuma ba zan narki waakye da taliya da ganda da ƙwai da shito ba, duk da raina na so, ɗan koko da burodi ne sai citta a jaka. Malam yace tashin zuciya a sama rigima ce tsakanin ido da cikin kunne, kunne na jin ana lilo ido kuma ya kafe kan agogunan gaba yana cewa ba'a motsi, maganin shine in ɗaga kai in kalli can nesa inda sama ta haɗu da ƙasa, in buɗe ƴar kafar iska ta bugi fuskata, in kuma abin yaƙi in faɗa mai da wuri mu juyo, akwai leda a aljihun kujera kuma ba ni ce farkon wadda zata yi amfani da ita ba. Sitiyarin ma yace da ƴan yatsu ake riƙewa, wanda ya damƙe da ƙarfi shi ke wahalar da jirgi. Numfashi kuma in ja a hankali in sake shi ya fi jan tsawo, ina ta gwadawa a shago har wata kwastoma ta tambaye ni ko asma gareni. Sai addu'ar hawa abin hawa wadda ke cikin suratu Zukhruf, ita kam tun muna makarantar allo muka haddace. Mma tayi sadakar masa ta sa min albarka, magana ta ƙare a gidanmu. Ban san dalilin da yasa bata ƙare a gidan wasu ba.

Wai kuma mace da jirgi, ta je ta nemi miji. Melody Danquah ta tuƙa jirgi ita kaɗai a rundunar sojan saman Ghana tun 1964, lokacin ko iyayen wasu basu haɗu ba. Patricia Mawuli da cire kututture ta fara a filin jirgin Kpong, 2009 ta karɓi lasin. Ni ban ce na kai su ba, kuma nasan darasi ɗaya baya maida mutum matuƙi, lasin matuƙi mai zaman kanshi sai kayi aƙalla awa 40 a sama ga jarabawa ga gwajin likita, kowace awa kuma kuɗi ne mai zafi, adashi na nake zubawa a ciki ba na kowa ba. Mun tashi a Nima jirage na wucewa kusa da mu dare da rana suna sauka filin Accra, wasu sun toshe kunne, ni kuma na riƙa ɗaga kai, laifi ne?

Na tambayi malam ko ana ɗaukar baƙo a kujerar baya, yace wani lokaci ana yi in nauyi ya bada dama. To ga tayi nan a bainar jama'a tunda ke baki san tsoro ba, Asabar bayan asuba, ki zo da mayafi mara tashi, ledar ma zan bar miki tawa. In kuma kina da biki ranar kamar kullum ba komai, sai dai a taimaka a turo min cikon kuɗin leshin nan ruwan goro da aka ɗauka tun ƙaramar sallah aka sha hotuna da shi, lambar momo ɗina bata canja ba, kuɗin ƴan mintuna ne a sama.